Mutumin da aka sa wa hula

Haulat ba ta taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma ba ta ga abin da zai hana ta koyar da ita ba. Kafin ta shiga aikin jinya ai ta riƙe aji a Funtuwa, yara maƙil har bakin taga, ta kuma san yadda ake ɗura wa yaro karatu ko yana so ko ba ya so.

'Yarta Mufeeda shekararta bakwai, ba ta daɗe da zuwa Doha ba. Makarantu biyu sun gwada ta sun ce Turancinta bai kai ba, saura ɗaya tak. Haulat tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Al Sadd, mijinta Ɗalhatu yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, duk da sassafe suke fita. Ɗalhatu ya riga ya yanke magana: ya gaji da kulle yarinya ita kaɗai a ɗaki a unguwarsu ta Bin Omran, in a wannan makarantar ma ba a dace ba, a mayar da ita gida wurin kakarta. Haulat ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi yi mata ciwo.

Maƙwabciyarsu Caroline, 'yar Kafanchan, ita ta kawo labarin Turancin da makarantar ke ba yara su karanta a gwaji. "Maman Mufeeda, wannan suka ba ɗana Jeffrey bara. In lokacin sanyi ne ba sa canza shi."

Labarin wata yarinya ne da ta tara dusar ƙanƙara ta gina mutum a ƙofar gida, ta sa masa hular babanta. Washegari rana ta fito, yarinyar ta leƙo sai ta tarar da hular a ƙasa.

Haulat ta ɗaura ɗamara. Da ta dawo aiki, ko kaya ba ta cirewa, sai ta zaunar da Mufeeda a tabarma. Ta faɗi layi, yarinya ta maimaita, ta sake faɗa, ta sake maimaitawa, kamar dai hadda a Islamiyya. Da haka aka koyar da ita, da haka ta koyar da wasu, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. In Mufeeda ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta ce, "Bari mu kai ƙarshe tukuna." Kafin ranar gwaji yarinya ta haddace labarin tsaf, ko daga barci aka tashe ta sai ta zubo shi.

Ranar gwajin iska mai sanyi ke kaɗawa daga teku, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Malamar da za ta yi gwajin ta yarda Haulat ta zauna daga baya. Ta miƙa takarda, aka yi sa'a labarin ne. Mufeeda ko kallon takardar ba ta yi ba, ta naɗe hannu, tana ɗan rangaji, ta kwararo shi daga farko har ƙarshe. Haulat ta ji kanta ya yi girma.

Malamar ta yi murmushi, ta tambaya da Turanci a hankali, "To, ina mutumin ya tafi?"

Mufeeda ta sunkuyar da kai.

"Me ya sa hular take ƙasa?"

Yarinyar ta waiwayo ta dubi uwarta, sannan ta ja numfashi ta sake ɗauko labarin daga layin farko, da ƙarfi fiye da ɗazu. Malamar ta bar ta har ta kai tsakiya kafin ta dafa ta ta ce ya isa. A bakin ƙofa ta gaya wa Haulat cewa yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta san abin da take faɗa ba, a sake kawo ta baɗi.

A cikin tasi Haulat ta kira mijinta. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. "Khalas, shi ke nan," ya ce. "Zulkiflu zai tafi gida ƙarshen wata, sai ta bi shi." Zulkiflu ƙanensa ne, direba a garin Al Wakrah.

Mufeeda ta ja mayafin uwarta. "Umma, na ɓata wani wuri ne?"

"Ko kalma ɗaya ba ki ɓata ba."

"To wai ina mutumin ya tafi?"

"Narkewa ya yi. Kin san in kin bar ƙanƙara a rana ruwa take zama."

Yarinyar ta zaro ido. "Au, na ƙanƙara ne? Ai na san wannan! Umma, mu koma in gaya mata."

Direban ya dube su ta madubi, yana jira ya ji ko za a ce ya juya. Haulat ta girgiza masa kai, ta jawo 'yarta jikinta ta rungume, kuka ya ƙwace mata.