Itacen Milutin a Jikin Shinge

Shekara goma sha tara Radojka tana rainon guntuwar bishiyar brest a ƙofar gidanta. Irin wadda ba ta tsawo ce, iyakarta ƙugu, ganyenta ƙanana kamar farce. Ba ta sa mata almakashi sai sanyi ya kankama, don kowa a ƙauyen ya san sabon yanka a lokacin zafi shi ke kiran ƙwaron da ya kashe manyan brest na bakin kogin Morava. Kowa kuma ya san ba a ajiye itacen brest da ɓawonsa, don a nan ƙwaron ke hayayyafa. Kowa, ban da ƙanenta Milutin, wanda Allah ya ba ƙarfi ya hana shi tunani.

Ran nan da hantsi ta ga reshe guda ya yi rawaya. Ta ɓare shi da wuƙa, sai ga baƙin layi a ƙarƙashin ɓawo. Alamar ciwon da ƙwaron ke kawowa ke nan. Ta leƙa ta kan shingen da ya raba gidajensu, ta ga itacen hunturun Milutin jibge, duk mataccen brest, ƙwari sun huhhuda ɓawon.

Ta zagaya ta same shi yana faskare, ta tambaye shi me ya sa ya jibge wannan itacen a jikin shinge. Ya ce a banza ya kwaso shi a bakin kogi, kuma shi ba shi da lokacin ɓare ɓawo.

"Haba Yaya, a kan wannan tsintsiyar taki kike kumfar baki?"

Ba ta san lokacin da ta ɗauki faskare ta sauke masa a baki ba. Haƙori biyu suka faɗo. Ya cakumi wuyanta ya buga ta da shingen har katakon ya karye, ita kuma ta kafa masa haƙora a kunne. Tsofai-tsofai da su, masu jikoki, suna birgima cikin kashin kaji, sai da matarsa ta sheƙa musu bokitin ruwa.

Radojka ta miƙe, hannun hagu yana lilo, ta ɗauki gatarinsa. Milutin ya ja da baya, amma ta bi ta karyayyen shingen ta nufi bishiyarta. Ciwon ba shi da magani, in ta bar ta na maƙwabta ma za su kamu.

Da hannu ɗaya take sara, gatarin yana zamewa. Milutin ya matso, jini har ƙirji, ya miƙa hannu zai karɓa.

"Ka taɓa ta in sare ka," ta ce.

Ya tsaya yana kallo har ta kayar da ita. Sannan, ba tare da ta dube shi ba, ta ce ya kawo mata kananzir da ashana ta ƙone ta.