Takardun Jakin Malam Muttaka

Wata huɗu Hamdiya ta yi a ajin wasan kwaikwayo na lakol ɗinsu, wato makarantar boko, a Cadawa, kuma duk wasan da aka yi ita ce itacen gawo. Takan tsaya da reshe a kowane hannu har a tashi. Ba a taɓa kuka da aikinta ba, don gawo ba ya magana, ita ma haka. Ko a gida, in baƙo ya yi sallama, bayan rumbu ake zuwa nemanta.

Ran nan Madam Munira, mai koya masu wasan, ta kifa mata hular jandarma ta kwali, ta rataya mata usur.

"Kalma uku ce rak: tsaya, kawo takardu. In kin faɗe su ranar taron iyaye, hula taki ce. In kin yi shiru in ba Balki, ki koma ga rassanki."

Hamdiya na son hular nan kamar me. Sati guda ta yi tana gwada kalmomin a kan awakin gidansu, su ma sai ta tabbatar ba mai kallo.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a filin lakol, aka ɗaure igiya tsakanin kujeru biyu, shingen hanya ke nan. Ashraf, wanda ya fito a direban taksin Gazawa, ya taho yana murza murfin tukunya, yara shida na riƙe da rigunan juna a bayansa, su ne fasinja. Ya taka burki da baki a gaban igiya. Hamdiya ta ɗaga kai ta ga idanu ko ta ina, harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ashraf ya ja da baya, ya sake tahowa, ya sake burki. Igiya na nan a ɗaure. A karo na uku wani fasinja ya ce shi a nan zai sauka. Balki kuwa har ta miƙe tana shafa kai.

To, filin nan a kan tsohuwar hanyar gonar Malam Muttaka yake, kakan Hamdiya. Tun ba a gina azuzuwa ba nan yake bi, ya kuma ce jakinsa ba zai koyi sabuwar hanya da tsufansa ba. Sai ga shi a amalanke da lodin harawa, ya ratso tsakiyar taro yana gyangyaɗi. Jaki ya iso igiya, ya tsaya yana sansanarta.

Tsoho ya buɗe ido ya ga jikarsa. Wasan kaka da jika kuwa ba ruwansa da taro.

"Amaryata, wa ya kifa maki kwali a ka? Kwance igiyar nan, tuwona na hucewa."

Duk duniya mutum ɗaya ne Hamdiya ba ta jin nauyinsa, ga shi kuma ya taɓa mata hula. Ta busa usur har jaki ya miƙe kunnuwa.

"Tsaya, tsoho. Kawo takardu."

"Takardun wa?"

"Na jaki."

"Jakin nan ya girme ki, ba a taɓa tambayarsa takarda ba."

"Shi ya sa ya lalace. Kai kuma barci kake a kan tuƙi. Sauko."

"To, na sake ki."

"Ka sake ni a gida. Nan bakin aiki nake."

Mata suka kifa kai cikin mayafi suna dariya. Malam Muttaka ya sauko yana lalubar aljihu. Ya fiddo ɓarin goro, ya fiddo asawaki, can ya zaro wata takarda da ta sha zufa. Hamdiya ta karanta ta a tsanake.

"Wannan ta rigakafin akuya ce."

"Ai gidansu ɗaya."

Madam Munira ta matso tana share hawaye. "Hula ta zama taki, Hamdiya. Sake shi mu ci gaba."

Hamdiya ta sunkuyar da kai, kunyar ta ɗan dawo. Amma har na tabarmar baya sun ji ta.

"Madam, motar Ashraf ta wuce. Jaki sai an kawo takardu."

Haka aka ɗaure jaki a gindin kujera har wasa ya ƙare. Malam Muttaka ya zauna cikin iyaye yana mita, yana tambayar na kusa da shi a wane buron hukuma ake yi wa jaki hoton takardu.