Takardar da Ba a Karɓa

"Saura minti goma!" in ji malamin da ke tsaron jarrabawar BEPC.

Hafiza ta dubi farar takardar da ke gabanta, ta uku ke nan da ta karɓa. Lissafin duka ta gama shi tuntuni a kan shuɗiyar takardar gwaji, wadda ba a karɓa, ba a dubawa. Kwafewa kawai ya rage. Amma a farar farko bik ya ɗiga mata tawada, a ta biyu bakwai ɗinta ya yi kama da ɗaya.

Malamin ya sunkuyo. "Ke ɗiyata, soke ki wuce mana. Ba gasar kyan rubutu muke ba."

Ta soke? A gidan babanta, Mushe Wakili, malamin lakwal, wato makarantar boko, da duk Illela ta sani, ba a sokewa. Kuskure ɗaya, a yage shafin, a sake tun daga sama. Ranar da ta kawo sha tara bisa ashirin tana murna, bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Ɗayan fa, akuya ta cinye?" Maƙwabta suka yi dariya, suna cewa haka ake tarbiyya. Da ta fara amai duk safiyar jarrabawa, Inna ta ce ciwon shawara ne, ta dafa mata saiwa. Shekara huɗu ana ɗura wa yarinya jiƙo, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya tambaye ta abin da take tsoro.

Ta ɗora bik. Zufa ta jiƙa gefen takardar. Ta ja layin farko, ya karkace.

"Mushe," ta kira mai tsaron da ƙyar, kamar yadda ake kiran malamai, "a ƙara mini wata."

Kafin ya juyo, aka buga ƙararrawa. Ya karɓi takarda mai sunanta da karkataccen layi guda, ya daɗe yana kallonta.

* * *

Mushe Wakili na zaune a zaure bayan La'asar.

"To, 'yar boko, ashirin ko ashirin?"

"Baba, ban kwafe ba."

"Ba ki mi?"

Ta miƙa masa shuɗiyar takardar, duk ta yamutse a tafinta. Bai san lokacin da ya zaro jan bik daga aljihu ba. Ya bi ta layi-layi, bakinsa na motsi, kan bik ɗin na shawagi yana neman wurin sauka. Ya kai ƙarshe, ya koma sama, ya sake bi. Babu kuskure ko ɗaya. Shekarar karatun kuwa ta tafi a banza.

"Hafiza," ya kira.

Ba ta ji ba. Tana tsakar gida a durƙushe da tsintsiya, tana sharar wurin da ta riga ta share, tana komawa baya tana goge sawun ƙafarta.