Muryar Gimbiya a Gadarif

Ummuhani matar wana ce, kuma tun da ta tare a Gadarif take wanke Hausa daga bakinta kamar datti. Kakanninta da namu ayari ɗaya suka biyo a ƙafa za su Makka suka zauna a nan, inda ake ce wa irinmu Fallata, amma in maƙwabta sun tambaya, sai ta ce ai su Larabawan garin Shandi ne. Ta hana 'yarta Amani magana da ni sai da Larabci, ta kuma sa ta haddace amsar da za ta ba duk wanda ya yi mata Hausa a waje. Ta dai bar ta da kallon kartun a waya, gimbiyoyi farare tas, gashi har gadon baya, ba mai ɗankwali, ba mai alwala.

Sai ga wani Elfatih ya zo makarantar su Amani daga wani kamfanin zane. Sun zana gimbiya baƙa mai mayafi, jikar mahajjata, suna neman yarinyar da za ta yi muryarta da Hausa. Zanen ma dai ga shi nan, an ɗora ta a raƙumi, sai ka ce a Gadarif ba a san tarakta ba. Amma Amani na ganin hoton ta rungume shi, ta ce wannan ita ce, kuma ba wadda za ta yi muryar sai ita.

Nan take Ummuhani ta tuna tana da asali. Ta aiko a kira ni, wai in ɗura wa yarinya Hausa kafin Alhamis. Na yi dariya har na ƙware, amma na je, don ina son Amani.

Ranar gwaji Elfatih ya durƙusa gabanta ya ce, “Sannu 'yan mata. 'Yar gidan wa ce ke?”

Amani ta ga baƙo, ga malamai, ga Hausa a bainar jama'a. Ta miƙe tsam ta ba da haddarta da Larabci: “Mu ba Fallata ba ne.”

Aka ba Zahra'u muryar, wata 'yar masu yankan riɗi daga Mafaza.

A hanyar gida Ummuhani ta yi ta faɗa, wai an yi son kai. Amani ba ta yi kuka ba. Sai da muka kai ƙofa ta ja mayafin uwar.

“Yumma, ai yadda kika koya min na faɗa. Ina na yi kuskure?”