Firjin Uwar Tsaka

Tsoho yana durƙushe a bayan ƙaramin firjin jikarsa, filaya a hannu, yana ta tsaki. Ya daɗe da rufe shagonsa na gyaran firji, amma hannu bai manta ba. Wucewa ya zo yi da safe, ya ji injin yana tashi yana mutuwa. Ya buɗe ya sa hannu, sanyin ko na ruwan randa bai kai ba. Robobi ne jere a ciki da murafunsu. Bai buɗe ko ɗaya ba, shi ba ya leƙa kayan mutane.

Nan da nan ya gano cutar. Wata 'yar na'ura ce aka liƙa wa wayar, da sanyi ya fara kamawa sai ta yanke wuta.

"Aikin yaran yanzu ke nan, a karɓi kuɗi a yi ƙulle-ƙulle," in ji shi.

Ya cire ta, ya haɗa wayar kai tsaye, ya murɗa sanyin har ƙarshe.

Tun ranar da yarinyar ta ce a kan tsaka take bincike a jami'a, ya daina tambayarta karatu. Tsaka fa, abin da ake bi da takalmi! In ta fara bayani sai ya ƙara muryar rediyo. Amma yarinya ce mai kula da shi, ya so yau ta dawo ta sha ruwa mai sanyi daga hannunsa.

Da la'asar ta shigo da jakarta.

"Angona, ka ci abinci, ko amarya kake jira?"

"Wa zai jira ki, uwar tsaka? Je ki buɗe firjinki ki ga aikin manya."

Murmushin ya bar fuskarta. Ta yar da jakar ta ruga ɗaki.

Da shirun ya yi yawa sai ya bi ta. Tana zaune a ƙasa, robobin a buɗe kewaye da ita. A kowace akwai tsaka fara-fara, ta sandare, ƙanƙara ta kama ta.

"Baƙi ne, Kaka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Cikin kayan 'yan kasuwa suka shigo daga ƙasashen zafi, suna korar namu na gida. Kaɗan-kaɗan nake ƙara musu sanyi, in ga inda ƙarfinsu ya tsaya, a san garuruwan da za su iya mamayewa. Na'urar nan ita ke tsare min sanyin. Tun farkon shekara nake kai."

"To a sa su a rana mana."

"Wadda sanyi ya sumar ita ke farfaɗowa. Waɗannan sun mutu."

"Malaman naku ba za su yi haƙuri ba?"

"Me zan nuna musu? Sai baɗi. 'Yan ajinmu su fita, ni in sake."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, don faɗa ne abin da ya fi iyawa.

"Ke kuma sai ki ajiye abu irin wannan ba ki gaya wa—"

Ta ɗago ta dube shi.

Ya jawo kujera ya zauna da ƙyar, ya ɗora filayar a cinyarsa.

"To gaya min yanzu. Tun daga farko."

Ta tattara robobin ɗaya kan ɗaya, ta rungume su a ƙirji.

"Bari in binne su tukuna, Kaka."

Ta fita. Ya zauna yana jira, firjin na ta aiki a gefensa lafiya lau, ko sau ɗaya bai yanke ba.