Teburin Cikas

Baffanta ne ya nema musu izinin shiga gidan burodin. Makarantar da take digiri na biyu a harkar kasuwanci ta ce karatun aji kaɗai bai isa ba, dole kowane rukunin ɗalibai ya shiga wata ma'aikata, ya gano matsalarta da idonsa, ya kawo gyara. Duk inda suka je sai a ce manaja ba ya nan. Shi kuwa Baffa ya tsufa a teburin sa burodi a leda, don haka ya je ya tsaya gaban maigidansa ya ce, "'Yata ce, ka taimaka."

Suka zo su huɗu da wayoyi a hannu. Su tsaya bayan mai kwaɓa, su tsaya bayan mai gashi, suna duba lokaci suna rubutu. Babu wanda suka tambaya ya iyali. Mai gashi ya raɗa musu 'Yan Agogo.

Abin da suka gano gaskiya ne. Burodi yana fitowa daga tanda da sauri, sai ya taru a teburin Baffa, domin hannunsa ya fara rawa. A littafinsu akwai sunan da ake kiran wurin da aiki ke tsayawa. Malaminsu ya ce su yi wa ma'aikata bayani da harshen da suke ji. Ita ta fi sauran iya Hausa, ita ta fassara kalmar. Ta zana akwatuna a babbar takarda, na kwaɓi, na gashi, na leda. Na ledar ta shafa masa ja, ta rubuta CIKAS. A ranta tebur take nufi. Amma mutum ɗaya ne a teburin nan, kuma kowa ya san shi.

Aka tara ma'aikata a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan fulawa. Baffa ya zauna a gaba da rigarsa mai kyau, yana gaya wa na kusa da shi, "Waccan ce tawa." Ta buɗe takardar ta karanta.

Direban motar kai kaya ya ce, "Hajiya, wannan jan, teburin wane ne?"

Aka yi dariya. Baffa ma ya yi, don bai san abin da zai yi da fuskarsa ba.

Washegari tun daga ƙofa aka fara. "Cikas, an tashi lafiya?" "Ku matsa, Cikas zai wuce." Har mai shara. Shawarar ɗaliban ita ce a ƙara masa mataimaki, amma maigida bai yi digiri ba, ya dai iya karanta jan akwati. Ya kira Baffa ya ce ya je gida ya huta, ya ɗauki wasu masu ƙarfi.

Rukuninsu ne ya zo na ɗaya a aji. Ta sami malamin a ofis yana shan shayi.

"Kin ga amfanin fita daga aji?" in ji shi. "Mai gidan burodin ya kira ni, ya ce yanzu kaya ba sa taruwa."

"An sallami mutumin, Malam."

"To, gyara ba ya zuwa kyauta."

"Baffana ne."

Ya ajiye kofin. "Ai da kin faɗa tun farko, da na canza miki wuri."

Ta tsaya tana kallonsa. Wato da an canza mata wuri, da baffan wata aka shafa wa ja, kuma shi ke nan babu laifi. Wannan mutumin ya tura manyan mutane cikin abincin wasu, ya koya musu auna hannu, bai taɓa ce musu hannun yana da mai shi ba. Ta fita ba sallama.

Da ta je roƙon a mayar da Baffa, maigida bai wahalar da ita ba. "Ni ban kore shi don ƙiyayya ba, ku kuka ce. In yana so ya dawo, zan ba shi mataimakin."

Ta tafi gidan Baffa da wannan albishir. Matarsa na wanki a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Sannu da aiki, Inna."

"Ke ce da sannu, mai ilimi. Yau wa kika zo aunawa? Ni ma hannuna ya yi sanyi, ki rubuta."

"Inna, wallahi tebur na ce."

"Tebur ne ya kai ki makaranta a keke? Tebur ne ya je ya roƙa miki?"

Daga ɗaki Baffa ya ce, "Bar ta ta shigo."

Yana zaune a bakin gado, rediyo a kashe. Ta durƙusa, ta gaya masa maigida ya amince, gobe ma zai iya komawa, har da mataimaki. Ya saurara har ta gama.

"An ce kun zo na ɗaya. Allah ya sa albarka."

"Baffa, za ka koma?"

Ya dubi hannunsa da ke kan gwiwa.

"Jiya na je shagon bakin titi, mai shagon ya kira ni da sunan nan. Bai ma san daga ina ya fito ba." Ya girgiza kai. "Aikin maigida ne, zai iya mayar mini. Sunan fa, wa zai karɓa? Je ki ce masa na gode, ba zan zo ba."