Ɗan Kunne a Ƙarƙashin Kujerar Baya

Da babana ya rasu, abin da ya bar wa Mama shi ne gidan gona, da tsohuwar tarakta, da motar nan da ke cikin sito. Pontiac ce ta shekarar sittin da tara, koriya, mai ƙofa biyu, irin masu ƙaton injin nan da in an tayar da su a gidanmu sai kajin maƙwabta sun watse. Tun ina sakandare Baba ya lulluɓe ta da tampol, ya ce zai waiwaye ta in ya samu lokaci. Har ya bar duniya bai samu ba.

Mijina Wendell Kucera kuwa lokaci ya yi masa yawa. Bai daɗe da yin ritaya daga kantin magani ba, kuma zaman gida ya fara taɓa shi, har ya soma jera mini kwalaben yaji daga doguwa zuwa gajera. Ranar da ya ɗaga tampol ɗin ya daɗe a tsaye, hannu a ƙugu. Can ya ce, "Marcella, ba a taɓa sake mata fenti ba."

Na ce, "Ai ba sai ka faɗa ba, ga shi nan duk ya koɗe."

"Ba ki gane ba. Wannan fentin da shi ta fito daga kamfani. In aka sake mata wani, ta zama wata motar."

Daga ranar na rasa miji. Ya jawo motar zuwa garejinmu a kan tirela, ya kafa dokoki. Ba a jingina da ita, ba a ɗora mata kofi, ba a shiga da takalmi. Tiyo ma bai yarda ya kusance ta ba, wai ruwa zai maƙale a lunguna ya haifar da tsatsa. Da tsumma mai laushi yake goge ta, tafin hannu bayan tafin hannu, da wani ruwa na kwalba da ko mu ba ma sha. Lungun da tsumma bai shiga ba ya sa audugar goge kunne. Da audugar ta ƙare a gidan ya koma kan buroshin kwalliyata. Ya fitar da gidan ɓeraye daga cikin bonet da ɗan hantsaki, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Abin da ya yarda ya canja kawai taya ne da batir da kayan birki, su ma da ƙyar, kuma tsofaffin tayoyin ya naɗe su a bargo ya ajiye a ɗakin baƙi. Da ƙanwata ta zo daga Omaha a kan doguwar kujerar falo ta kwana.

Burinsa shi ne ya kai ta bikin tsofaffin motoci da ake yi a filin ƙaramar hukuma ƙarshen bazara, a kan tirela, ba tare da tayarta ta taɓa titi ba.

Mama, wato Twyla, ta haura tamanin, kuma tun rasuwar Baba take zaune da mu. Kullum da hantsi sai ta jawo kujerar roba bakin gareji, da shayinta mai ƙanƙara, ta zauna kallon surukinta.

"Wendell, ɗan nan, yaushe za ka fara wanke ta?"

"Mama, ai wankin nake yi."

"Au. Na ɗauka allura kake mata. Marigayi da bokiti da sabulun wanke kwanoni yake gama ta kafin a tafi coci."

Wendell ya runtse ido kamar an taka masa yatsa, ya ci gaba da aikinsa.

Wata safiya yana share ƙarƙashin kujerar baya, sai ya fito ya yafuto ni da hannu. Ya ja ni bayan injin wanki, ya buɗe tafinsa. Ɗan kunne ne guda ɗaya, ruwan zinariya, da jan dutse a tsakiya.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na Mama ne?"

Na juya shi na duba. Ban taɓa ganin Mama da jan abu a kunne ba. Ita farin dutse take sawa, shi ma sai Lahadi. Na girgiza kai.

Wendell ya ce, "A kujerar baya fa, Marcella. Can ciki, tsakanin kujera da ƙarfe. Ni dai ban ce komai a kan Baba ba, Allah ya ji ƙansa, amma mutum da irin wannan motar a wancan zamanin…"

"To jefar da shi mana."

Ya kalle ni kamar na ce ya jefar da jikansa. "Ya fi shekara hamsin a wurin. Ya zama kayan motar." Ya koma ya durƙusa ya mayar da shi daidai inda ya same shi, har yana gyara masa kwanciya.

Abin da muka manta shi ne na'urar jin da ke kunnen Mama. In ana mata maganar shan magani kashe ta take yi, amma da ta ga mutum biyu suna raɗa sai ta murɗa ta har ƙarshe. Muna juyowa muka gan ta a ƙofa da sandarta.

"Jan dutse kuka ce?"

Wendell ya fara in'ina. "Mama, wataƙila wata ce Baba ya rage wa hanya…"

"Rufe mini baki, ka nuna mini."

Ta leƙa ta ga abin, ta daɗe tana kallonsa. Ni na zaci kuka za ta yi. Da ta ɗago sai na ga fuskarta ta yi wani haske da rabona da ganinsa tun kafin ciwon Baba.

Ta ce, "Na Gwendolyn Sipe ne. Ba ni makulli."

Gwendolyn Sipe ita ke buga piyano a cocinmu. Tun ina ƙarama na san ita da Mama ba sa wuce gaisuwa, ita ma da hanci, amma ban taɓa sanin dalili ba. Tana saka jakarta a kafaɗa Mama ta ba mu labarin a gurguje. Ƙawaye ne su na ƙut da ƙut. Shekarar da aka sayi motar, Mama ta ari 'yan kunnen don zuwa bikin rawa da 'yan kwana-kwana suka shirya, washegari ta mayar da ɗaya, ta ce ɗayan ya faɗi. Gwendolyn ta shiga kicin ɗin coci ta gaya wa mata cewa ƙarya ne, Twyla ta ɓoye ne za ta kai a yi mata zobe da dutsen.

Wendell ya saki ajiyar zuciya, don surukinsa ya fita daga zargi. "To madalla. Bari in saka miki shi a leda, Marcella ta kai ki a motarta."

"A leda? Ta ce daga akwatina na ciro shi? Sai ta ga wurin da idonta, da ƙurarsa da komai. Da motar za mu je."

"To ki bari zuwa Asabar in ɗauko tirela."

"Ɗan nan, ni da Gwendolyn ba mu da Asabar a hannu. Motar ta wace ce?"

"Taki ce, Mama."

"To makulli."

Gidan Gwendolyn yana bayan gonakin masara, kuma rabin hanyar tsakuwa ce. Wendell ya tuna mata wannan, ya tuna mata ƙugun roba da likitoci suka sa mata, ya tuna mata rabonta da tuƙa mota mai giya. Yana cikin tunatarwar ta shige ta zauna da takalminta. Na tura kujera na faɗa baya. Shi kuwa da ya ga da gaske ne, sai ya tuɓe takalmansa a ƙofar gareji ya shiga gaba da safa, ya rungume tsummansa.

Mama ta murɗa makulli. Garejin ya ɗauki rugugi har gwangwanayen fenti suna rawa a kan kanta. Ta saurara kaɗan, kanta a karkace, ta taka totur sau biyu don jin daɗinta kawai. Sannan muka fita.

A kan kwalta ta tafi a hankali har muka wuce gidan mai. Da muka sauka kan tsakuwa sai ta canja giya, bayana ya manne da kujera. Masara ta koma koren bango a gefe da gefe. Tsakuwa tana ta ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin motar, kuma duk wadda ta buga sai Wendell ya yi ɗan nishi kamar shi ta samu.

"Mama, don Allah, fentin."

"Ban ji ba, na'urata ta mutu."

Muka iske Gwendolyn a baranda tana ɓarar wake. Ta ga ƙura ta taso, ta ga koriyar mota ta tsaya a gaban furanninta, ta ga wadda ta fito daga mazaunin direba. Ba ta tashi ba.

"Twyla."

"Gwendolyn. Sauko ki ga wani abu."

Ta sauko a hankali, tana goge hannu a jikin rigarta. Na fito na ba ta wuri. Wendell, da safarsa a kan ciyawa, ya ɗaga kujerar ya haska mata da tocila, yana roƙonta kada ta dafa fatar da hannun wake. Ta sa tabarau ta sunkuya.

Da ta miƙe ta ce, "Shi ne." Ta sake leƙawa. "To amma ke a gaba kika zauna daren, na ga tafiyarku. Me ya kai shi baya?"

Mama ta ce, "Da aurena, Gwendolyn. Kuma 'yata tana tsaye."

Wendell ya kashe tocilar ya shiga duban sama.

Mama ta ce, "Sai ki ɗauko ɗayan ki haɗa su, kuma ranar Lahadi ki shiga kicin ɗin nan ki gaya wa waɗanda suka rage da rai."

Gwendolyn ta ɗan ja hannun hagunta ta ɓoye a bayanta, amma Mama ta riga ta gani. Zobe ne a yatsarta, da jan dutse.

"Ke kika yi zoben ashe."

"To me zan yi da ɗan kunne ɗaya? Kuma da na kai wa maƙerin, cewa ya yi gilashi ne. Ko zinariyar ma ruwa ce aka shafa."

"Yaushe ya gaya miki?"

"Tun kafin a yaye Marcella."

Sai kafaɗun Mama suka fara girgiza, Gwendolyn ma ta toshe baki da hannu, can dai dariya ta ƙwace musu, har Mama ta jingina da ƙofar motar. Wendell ya ɗaga hannu zai yi magana, na taka masa safa.

Sai da muka ci kek ɗin tuffa kafin Gwendolyn ta bar mu muka tafi. Ɗan kunnen ma ta ce ba ta so, a bar shi inda yake, wai ya fi sabawa da can.

Da muka dawo gida Wendell ya zagaya motar da tocila da rana tsaka. Ƙura ta rufe ta, ƙwari sun mutu a gilashi, kuma a ƙasan ƙofar dama ya sami inda tsakuwa ta ɓantare fenti, bai kai ƙwayar masara ba. Ya zauna a ƙasa a gabansa. Na kawo masa kofi na ajiye nesa da motar. Ya daɗe bai sha ba.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mama, da muka hau tsakuwar nan, daga giya ta biyu kika tafi ta uku, ko tsallakewa kika yi?"

"Gobe in an tashi daga coci ka zo in nuna maka. Amma ka sa takalmi, kana ba ni kunya."

Bikin motocin dai an je, kuma da ƙafarta ta je. Ba ta ci kyautar komai ba, wata jar mota daga garin Lincoln ce ta ci. Yanzu kusan duk Lahadi ana fita zuwa bakin tafki, Mama da Wendell suna karɓa-karɓar sitiyari, Gwendolyn a gefe tana yi wa duk mai tuƙi ƙorafin gudu ya yi yawa. Rigimar da ake ciki a halin yanzu ta karen Gwendolyn ce, wani fari mai zubar da gashi, da ta ce ba ya iya zama shi kaɗai a gida. Wendell ya ce sai dai a bi ta kan gawarsa. Makon jiya na gan shi a kanti yana auna wani tsohon bargo da faɗin kujerar baya.